Keken Ɗinki a Gaban Shehe

Ranar da aka raba gadon Mama, shekara goma sha tara ke nan, ba wanda ya yi wa keken ɗinkinta kallo na biyu. Yayana Mbwana ya ɗauki gonar kwakwa, ƙanena Hemedi ya ɗauki ɗakunan bayan gida, ni aka haɗa ni da tukwane da akwatin zannuwa. Da aka watse, Mbwana ya taɓa ƙafar keken da bakin takalminsa ya ce, "Mwantumu, kwashe ƙarfen nan ki fitar mana, kafin ya fasa wa wani yatsa." Na nemo mai amalanke na kwashe abina.

Baƙi ne wuluk, mai nauyin tsiya, da zanen furanni ruwan zinariya da hannu ya cinye rabinsu. Da ƙafa ake taka shi. Ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke, mai kawai yake sha, shi ma ɗigo-ɗigo. A kansa na koyi ɗinki, da shi na ciyar da 'ya'ya huɗu bayan ubansu ya rasu, kuma duk Layi na Sha Biyu a unguwarmu ta Ngamiani in aka ce "mai keke" ni ake nufi. Inda ya fito kuwa, da shekarunsa, da wanda ya ƙera shi, ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na buɗe ido na gan shi a ɗakin Mama kamar yadda na ga turmi da tabarma.

Makon da abin ya faru, ankon bikin 'yar Bi Mwajabu, wato Malama Mwajabu, ne a hannuna, riguna goma sha biyu, biki ran Asabar. Zuwa safiyar Litinin na gama biyar. Mu a Tanga telar da ta saɓa alkawarin anko ba a zaginta, ba a kai ƙararta, a waƙa ake saka ta. Ana tsakiyar biki mai waƙa za ta ɗaga murya, mata su amsa suna kaɗa yatsa sama, ba a ambaci sunanki ba amma har kurma ya san da ke ake. An yi wa wata Zuhura haka a layin bayanmu. Yanzu soyayyen rogo take sayarwa a Muheza, ko maɓalli ba mai kai mata ta ɗinka.

A makon ne kuma jita-jitar jar zaiba ta sake tashi. Ba sabuwa ba ce, duk 'yan shekaru sai ta farka ta yi miƙa. An yi ta a kan tsofaffin kuɗin Jamusawa, an yi ta a kan dutsen guga mai zakara a ka, har wani maƙwabcinmu ya farfasa rishon kakarsa bai samu komai ba sai baƙin hayaƙi. Wannan karon kan kekunan ɗinki ta faɗo. Wai Jamusawa kafin a kore su daga Tanga sun ɗura jar zaiba a wuyan kekunan, wai kuma akwai waɗansu mutane a Dar es Salaam da ke ba da gidan bene a kan ɗigo ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganin zaibar, ba wanda ya taɓa ganin masu sayen. Amma duk mai shan gahawa a bakin masallaci yana da ɗan'uwan da abokinsa ya sayar da tasa ya koma Maskat da zama.

Ni ko a jikina, ina ta takawa. Sai ga sallama da hantsi. Mbwana ne a gaba, Hemedi a bayansa riƙe da mandazi, irin fankenmu na nan, a ƙunshe cikin jarida. Nan na san da wata a ƙasa. Tun da aka haifi Hemedi bai taɓa shiga gidan wani da abu a hannu ba, sai dai ya fita da shi.

Shi ya fara gaisuwa, har da kirana Dada, wato yaya mace: "Dada, ina kwana? Cewa muka yi bari mu leƙo mu ga lafiyarki."

"Lafiyata tana nan inda kuka bar ta a sallar bara."

Na ukunsu wani siriri ne da jaka a hammata da tabarau a goshi. Mbwana ya ce sunansa Injiniya Shabani. Na san shi sarai, a tashar mota yake sayar da maganin ɓera da na kyankyaso. Ranar da aka naɗa shi injiniya ce dai ba a gayyace ni ba.

Injiniya bai ko gaishe ni ba. Ya zagaya keken sau biyu, ya ƙwanƙwasa wuyansa da zobe, ya kara kunne. Sannan ya zaro wayarsa ya kai ta daf da allura, su Mbwana suka leƙo ta kafaɗarsa.

"Kun gani ko? Sabis ya ɗauke. Zaibar ce take shanye shi."

"Bwana Shabani," na ce, "ɗakin nan tun da aka fara waya ba a taɓa samun sabis a cikinsa ba. In zan kira 'yata bakin famfo nake fita."

"To ai shi ke nan, Mama, kin ba da shaida da bakinki. Ba a ɗakin keken yake ba duk shekarun nan?"

Hemedi ya yi kabbara ƙasa-ƙasa. Injiniya ya zare durowar da nake zuba maɓallai da zare, ya juye min su a tabarma ba ko sannu, ya kifa ta. A ƙarƙashinta akwai wani rubutu da aka karta da tsinin ƙarfe, layi ɗaya, duk lanƙwashe-lanƙwashe. Ba boko ba ne, ba Larabci ba. Ni kaina ranar na fara ganinsa, don ban taɓa samun dalilin kifa durowa ba.

Ya sauko da tabarau daga goshi zuwa hanci, ya daɗe yana motsa leɓe.

"Jamusanci ne. Tsohon, irin na sojoji."

"Me ya ce?" in ji Hemedi.

"Ba a fassara shi a gaban mata."

Daga nan ya kafa doka. Kada a sake taka keken ko sau ɗaya, don wai duk takawa zaibar tana ɗaukar zafi tana tashi kamar tururin tukunya. Ya girgiza kai ya ce Allah kaɗai ya san benaye nawa baiwar Allah nan ta ƙone da ƙafarta. Mbwana ya bi ƙafafuna da kallo, irin kallon da ake yi wa ɓarawon da aka kama a kasuwa.

"Mwantumu," ya ce, ya kashe murya, "kin dai san keken nan ba a raba shi ba."

"Ba a raba shi ba, Yaya? Ba kai ka ce in fitar da shi kafin ya fasa wa wani yatsa ba?"

"Cewa na yi ki fitar, ban ce ki mallaka ba. Kashi biyar ne, biyu nawa, biyu na Hemedi, ɗaya naki."

"To a nuna min kashina. In allura ce da wurin taka ƙafa, ku kwashe sauran ku bar ni in yi aikin mutane."

Bai yi dariya ba. Ya fita wurin kekensa na hawa, ya ciro sarƙa da kwaɗo, ya zura ta cikin babban wilin keken ɗinkin ya datse, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce ran Juma'a mutanen Dar es Salaam za su iso da zarto su yanke wuyan keken su tsiyaye abin da ke ciki. Na yi masifa har muryata ta dushe, maƙwabta suka cika ƙofa, amma ba wanda ya ce masa ka bari, don kowa yana lissafin abin da zai ce in benen ya tabbata. Da za su tafi Hemedi ya ɗauke mandazinsa.

Da suka fita na zauna a gaban keken na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ba benen nake wa kuka ba, ban taɓa sa shi a rai ba. In aka yanke wuyan keken nan, an yanke min hannu, ga kuma riguna bakwai a yanke suna kallona daga kan igiya.

Ran Talata na fita neman aro. Gidan farko, mijin telar ya sa nasu keken a ɗakin kwanansa ya kulle, yana zaune a bakin ƙofa da sanda. Gida na biyu, an kai nasu ƙauye a ɓoye cikin buhun gawayi. A gida na uku na tarar da maza huɗu a durƙushe, kowa ya miƙa wayarsa ga wani keken da ni na raka mai shi ta saya sabo dal shekara shida da suka wuce. Mace ɗaya ce mai keken lantarki a unguwar, ta ce in zauna in jira wuta. Na zauna har azahar, na sha shayi kofi biyu, na tashi. Duk Ngamiani ranar ba allurar da ta motsa, mazan da ba su san inda ake zura zare ba su ne suka zama masana keke.

Na dawo gida na kama ɗinkin hannu, ina ɗan haɗa kafaɗu da tsinin allura don kada in zauna haka. Sai ga Bi Mwajabu, uwar amarya, da turarenta da murmushinta. Ta dubi sarƙar, ta dubi igiya.

"Ni ba na cewa komai, Mwantumu, ke tamu ce. Sai dai mai waƙar da muka ɗauko daga Pangani, an ce haɗa baiti ba ya yi mata wuya."

Tana fita na yafa mayafi na nufi gidan Shehe Mwinyihaji, limamin masallacin layinmu. Dattijo ne mai sanyin magana, mai tsoron Allah, amma in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ce maka akwai saɓani. Na zayyana masa komai. Ya ce a kawo keken da masu keken gobe bayan la'asar.

Laraba aka ɗora keken a amalanke da sarƙarsa, rabin layi na biye. Samari suna tafe suna miƙa masa waya, wani yana cewa tasa ta ɗauke, wani yana cewa tasa ƙaruwa ma ta yi. Aka sauke shi a gaban dakalin Shehe. Shi kuma ya fito da littafi mai kauri, ya zauna daidai bakin ƙofar gidansa, ƙofar a ɗan buɗe.

Mbwana ya yi jawabi mai tsawo a kan haƙƙin magada, har da ayar da ya tsinko rabinta. Shehe ya bari ya gama.

"Bwana Mbwana, kafin a raba abu sai an tabbatar na mamacin ne. Wa ya ga yadda keken nan ya shigo hannun mahaifiyarku?"

"Ai kowa ya san na Mama ne, Shehe."

"Kowa ba ya ba da shaida. Mutum nake so, mai suna."

Can wani ya ce ai Bi Kibibi tana da rai. Ƙawar Mama ce tun suna 'yanmata, ta haura tamanin, haƙori ɗaya ya rage mata amma harshen yana nan yadda Allah ya yi shi. Aka ɗauko ta a bajaji, babur ɗin haya mai ƙafa uku, aka ba ta kujera.

"Shikamo, Bibi," na ce, yadda muke gaida kakanni.

"Marahaba. Wa ya ɗaure keken nan kamar akuya?"

Shehe ya tambaye ta ko ta san keken, kuma ko na marigayiya Mwanahawa ne, wato Mama.

"Na Mwanahawa? Mwanahawa ko allura ba ta mallaka ba a lokacin. Keken Bi Manjula ne, Ba'indiya, matar mai kantin yadi na bakin kasuwa. Ni nake musu wanki, uwar yaran nan tana musu girki da raino. Ita ma Manjular wurin uwar mijinta ta gada, wadda ta zo da shi daga Bombay a jirgin ruwa tun ba a haife ni ba. Bajamushe ko inuwarsa ba ta taɓa faɗa wa keken nan ba."

Injiniya Shabani ya yi wuf ya zaro durowar ya kifa ta a gaban jama'a.

"To wannan rubutun fa, Bibi?"

Ta matso da ita kusa da hanci.

"Sunanta ne, da rubutunsu na 'yan kanti. A gabana ta karta shi da bakin almakashi, tana kuka majina har haɓa. Tsaya, kai ba kai ne mai maganin ɓera ba? Wanda ka sayar min watan jiya, ƙiba ɓerayen suka yi."

Aka kwashe da dariya. Injiniya ya mayar da tabarau goshi, ya ja da baya sannu-sannu, ban san lokacin da ya sulale ba.

Bi Kibibi ta ci gaba, ba wanda ya roƙe ta. Ta ce shekarar da gwamnati ta karɓe gidajen bene, su Bi Manjula suka tattara za su bar ƙasar, kowa da akwatin da zai iya ɗauka. Keken ba ya shiga akwati. Ta sa aka sauko da shi daga bene da rana tsaka, ta kama hannun Mama ta ce, "Ajiye min, zan dawo."

"Ke kina goye a lokacin, Mwantumu. Uwarki ta jira matar nan har ta mutu. Shekarun farko duk jirgin da ya tsaya sai ta je bakin ruwa ta dubo. Ko wasiƙa ba ta zo ba."

Ni da na zo ƙwatar abina a hannun 'yan'uwana, sai ga shi ana ce min ban taɓa mallakar komai ba. Abin ya yi min ciwo, ciwon da ya fi na sarƙar.

"Amma Mama ba ta taɓa gaya min ba, Bibi."

"Ta gaya wa babba. Ina zaune a bakin gado, kwana biyu kafin ta cika, ta ce wa Mbwana kada a sa keken nan a gado, ajiya ce. Ba shi ya sa ya ce ki kwashe ba?"

Kowa ya juya ya kalli Mbwana. Shi kuma ya ga wani abu a bakin takalminsa da ke buƙatar nazari.

"An daɗe, Shehe. Ɗan Adam da mantuwa."

"Kashi biyunka dai bai ɓace maka ba," in ji Bi Kibibi.

Shehe ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa, ya rufe. Ya ce ajiya amana ce, ba a gadonta, ba a sayar da ita, balle a sa mata zarto. Za ta zauna a hannun wanda take hannunsa har mai ita ya zo. Ya ce Mbwana ya kawo makulli. Na ji kamar an sauke min buhun shinkafa daga ka, har na fara gyara mayafi zan tashi.

Sai Hemedi ya ɗaga yatsa. Tun yana yaro haka yake, in bai samu tuwon ba sai ya zuba masa ƙasa.

"Allah ya gafarta Shehe, tambaya ce don ƙaruwa. Ita ajiyar, ya halatta wanda aka ba ya riƙa amfani da ita?"

Shehe ya ɗan yi tari, ya juya wurin tsohuwar.

"Bi Kibibi, 'ajiye min' ta ce, ko 'yi aiki da shi' ta ce?"

"'Ajiye min' ta ce. Ba zan ƙara mata magana ba, ina dab da kabari."

"To in haka ne," in ji Shehe, yana kallon littafin ba ya kallona, "ba a amfani da ajiya sai da izinin mai ita. A goge shi, a rufe shi da ƙyalle mai tsabta, a jira."

Hemedi ya gyara zama yana murmushi. Na dubi keken, an cire masa sarƙa amma an sake ɗaure shi da abin da ba shi da makulli. Na haɗiye fushina, na durƙusa sosai, na sassauta murya.

"Na ji, Shehe, kuma na bi. Alfarma ɗaya nake roƙo. Riguna bakwai suka rage a ankon Asabar, ta huɗu a cikinsu ta Bi Saumu ce, an yanka ba a haɗa ba. Ka taimaka ka gaya mata da kanka, ni ba ni da wannan ƙarfin halin."

Bi Saumu matar Shehe ce. Daga bayan ƙofar nan da ke ɗan buɗe aka ji an ajiye murfin tukunya, ajiyewar da ba ta kuskure ba ce. Sannan aka yi gyaran murya sau ɗaya.

Shehe ya gyara hula. Ya sake buɗe littafin, ya yi ta juya shafi har ya kusa kaiwa bango.

"Bi Mwantumu, ƙarfe in aka ajiye shi kusa da teku ba a taɓa shi, me yake yi?"

"Tsatsa, Shehe."

"A kamar kwana nawa?"

"Da iskar Tanga? Kafin Asabar ya fara."

"To kun ji. Wanda aka ba ajiya, wajibi ne ya kare ta daga lalacewa. In karewar ba ta yiwuwa sai da takawa, takawar ta zama wajibi. Ba don kanta za ta taka ba, don Bi Manjula za ta taka. Musamman daga yau zuwa Asabar, na lura iskar ta yi gishiri ƙwarai."

Hemedi ya buɗe baki, Shehe ya ɗaga masa hannu ya ce lokacin magariba ya gabato. Sannan ya dube ni, wannan karon ido cikin ido.

"Amma ki riƙe wannan. Ranar da mai shi ta zo, ko 'ya'yanta, ko jikokinta, a miƙa musu ba gardama."

"Ko yau ta zo, Shehe," na ce da ƙarfi, don su Mbwana su ji. "Ni ba na cin amana."

Alhamis da Juma'a ban ɗaga kai ba. Ta Bi Saumu na fara haɗawa, na ƙara mata aiki a wuya wanda ba ta ce a yi ba. Mutanen Dar es Salaam da zartonsu har yau suna hanya. Asabar da hantsi riga ta goma sha biyu ta bar hannuna, kuma da aka tashi waƙa a wurin biki, a kan mazan da suka ɗaure keke suna jiran bene ta sauka. Na kaɗa yatsa har kafaɗata ta yi tsami. Mbwana ya yi wata guda ba ya zama wurin gahawa.

Bayan bikin na riƙa fito da keken barandar gida, don hasken ya fi kuma don masu wucewa su gani. Ina goge shi fiye da da. Wani lokacin in kifa durowar in kalli rubutun, in yi ta tunanin matar da ban sani ba, da Mama a bakin ruwa tana duba fuskokin masu saukowa.

Wata safiya, kamar mako shida da shari'ar, mota ta tsaya a bakin layi, wata matashiya ta fito da hoto a hannu. Irin waɗannan baƙin ba sabon abu ba ne a wurinmu. Jikokin Indiyawan da suka tafi ne, sukan zo daga Landan ko Kanada suna neman gidan da aka haifi iyayensu. A da ni ce mai ba su kujera da ruwan sanyi, in raka su har bakin kasuwa ina nuna musu ƙofofi. Ranar kuwa, kafin ta ƙaraso, hannuna ya riga ya ja zanen da nake kalmashewa ya lulluɓe keken, na ɗora gwiwar hannu a kai.

"Shikamo, Mama," ta ce, harshenta yana tuntuɓe amma da ladabi.

Ta ce kantin yadi take nema a bakin kasuwa, kakarta ta zauna a benen samansa. Ta miƙo min hoton. Na ce ba na gani sai da tabarau, tabaran kuwa yana rataye a wuyana. Na kwatanta mata hanyar kasuwa, doguwar, wadda ba ta bi ta ƙofar Bi Kibibi. Ta yi godiya har da haɗa hannu, ta juya.

Wataƙila ba jikar Bi Manjula ba ce. Kantunan yadi a bakin kasuwa sun fi shida a wancan zamanin, haka na yi ta gaya wa kaina. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama, in ce mata yaya sunan kakar, kuma ina da bakin yin ta, ni da na durƙusa gaban Shehe na ce ko yau. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, amma ban tashi na bi ta ba. Na jira har motar ta sha kwana, sannan na kira maƙwabciyata ta kama min muka mayar da keken cikin ɗaki.